Amsa ga ɗan'uwan da babban mashin ke wahalarwa a tafiyar sannu

Ɗan'uwa wallahi da na karanta tambayarka sai na ji kamar ni na rubuta ta. Ka ce tunda ka bar ƙaramin mashin ka koma kuruza, wato babban mashin mai tsawo da nauyi, a miƙaƙƙen titi lafiya lau, amma da ka shiga gosulo ko ka zo yin yutan, wato juyawa ka koma inda ka fito, sai kan mashin ya yi maka nauyi, giya ta ɗaya tana fizgarka, ta biyu kuma inji ya dinga kakkarwa kamar zai mutu. To ba kai kaɗai ba ne.

Ni mutumin da ya sayar min da nawa har yau ban huce da shi ba. Na tambaye shi ko akwai abin da zan kiyaye, ya ce mashin ai mashin ne, wanda ya iya ya iya. Ashe wayar kulocin ba ta kan saiti, silon inji, wato juyinsa in ba a murɗa totur ba, kuma ya yi ƙasa, ya sani sarai ya ja bakinsa ya yi shiru. Na zo juyawa a gidan mai, mutane cike, inji ya ɗauke a tsakiyar kwana, kafin in sauke ƙafa mun tafi ƙasa ni da shi, salansa da zafinta a kan ƙwaurina, na kasa zare ƙafar sai da aka taru aka ɗaga min, wasu na sannu wasu na ƙunshe dariya. Da na kira wanda ya sayar min ka san me ya ce? Wai ƙarfi ne ba ni da shi. Tabon yana nan, Allah ya isa kawai.

Ba maganar ƙarfi ba ce sam. Honda Rebel 500 ma da ake cewa mara nauyi ya kai kusan kilo 190, irin su Harley-Davidson Softail kuwa wajen 300 ne, wa zai tare wannan da ƙafa ɗaya? Ga shi dogo, tayar gaba ta miƙe can gaba, shi ya sa a sannu kan ke faɗawa cikin kwana da kansa.

Abin da ya cece ni kuloci ne. Ka ba mashin wuta kaɗan ka riƙe totur a wuri ɗaya, kada ka yi ta murɗawa kana saki, sai ka riƙe kuloci a daidai inda ya fara kamawa, da shi za ka ƙara gudu ko ka rage, ƙafarka kuma tana ɗan danne birkin baya. Kar ka ji tsoron zai ƙone, yawancinsu kulocin a cikin mai yake, yana jure wannan. Birkin gaba kuwa in kan mashin a karkace yake kar ka kuskura ka damƙe shi, nan take zai kwantar da kai.

Af, ka sa a ɗaura maka ƙarfen kariyar inji, kuma ka daina hawa da silifas don Allah.

Maganar giya, in tafiyar ba ta wuce ta mai ƙafa ba ka zauna a ta ɗaya. Wannan kakkarwar da kake ji a ta biyu inji ne ke gaya maka juyinsa ya yi ƙasa, ka sauko. Idan ma a ta ɗayan yana mutuwa, kai shi a duba silo da wayar kuloci kafin ka zargi hannunka. Kuma ido, ka juya kai gaba ɗaya ka kalli inda kake son fita, in ka kalli ƙasa can za ka.

Ka samu fili babu motoci ka yi ta zagaye, hagu da dama, za ka ga ɓangare ɗaya ya fi ba ka wuya, ni dama ce. In mashin ya faɗi kashe inji tukuna, ka tabbata yana cikin giya don kar ya gangara, ka juya masa baya ka jingina da kujera ka tura da ƙafafu, kar ka sunkuya ka ɗaga da ƙugu.