Malam, Gaskiya Ne Falsafa Na Raba Mutum Da Imani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar aji ɗaya ce a jami'a, kuma an wajabta mana wani kwas na falsafa da mantiƙi. Da na faɗa wa Baba sai ya ɓata rai, ya ce karatun da ke raba yara da imani ke nan. Ni kuwa ban ma gane me ake karantawa a ciki ba. A taimaka da bayani. Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Tsoron Baba yana da tushe, zan zo kansa. Bari mu fara da karatun.

Falsafa ita ce bin diddigin tambayoyin da awo ba ya amsawa, ta hanyar hujjar hankali. Likita zai gaya miki abin da ke damun majiyyaci, amma na'urarsa ba za ta ce ko daidai ne a ɓoye masa cewa cutar ba ta jin magani ba. Wannan aikin reshen ɗa'a ne, mai tambayar me ya sa abu ya zama daidai ko kuskure. Maƙwabcinsa shi ne falsafar siyasa: mene ne adalci, wa ya cancanci mulki? Sai reshen sani. Tsoma sanda a ruwa, za ki ga ta lanƙwashe alhali lafiyarta ƙalau. To yaushe za a yarda da shaidar ido? Mafi zurfinsu shi ne reshen samuwa, inda ake tambayar mene ne rai, ko duniya tana da farko, ko mutum yana da zaɓi. Akwai kuma na kyau da fasaha, ba zan tsaya kansa ba.

Mantiƙi kuwa ma'aunin hujja ne, Aristo na ƙasar Girka ya tsara dokokinsa. In wani ya ce miki duk kaza tana da fiffike, jemage ma yana da fiffike, ashe jemage kaza ne, kin san akwai lauje cikin naɗi. Mantiƙi ne zai nuna miki daidai inda aka ɓoye shi. Da masu jayayya a Facebook sun karanta shi, da mun huta.

Yanzu ga tushen tsoron Baba. Bayan an fassara littattafan Girkawa a Bagadaza, manya irin su Farabi da Ibn Sina sun bi Aristo har wuraren da malamai ba su yarda ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bi su mas'ala ashirin a littafinsa Tahafutul Falasifa, ya kafirta su a guda uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashi da gangar jiki ranar ƙiyama. Lura da kyau, duk a reshen samuwa suke. Mantiƙi kuwa bai yar da shi ba, da shi ma ya buɗe littafinsa na usulu, Mustasfa. Daga baya Ibn Rushd na Andalus ya mayar masa da martani, ya kare falsafar, ga shi kuwa alƙali ne Bamalike.

Muhawarar ta shafe mu ma. Shaihu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar: Suyuɗi na hana mantiƙi, Magili na kare shi. Har yau ana karanta Sullam, littafin mantiƙi na Ahdari, a zauruka.

Saboda haka ki karanta kwas ɗinki, ki ci jarrabawa. Malamin zai kawo ra'ayoyin waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba, aikinki ki fahimci hujjarsu, ba a ce ki bi su ba. In wata shubuha ta tsaya miki a rai, kada ki kwana da ita, kai ta wurin malamin tauhidi. Shi kuwa Baba, kada ki yi masa gardama. Ki roƙe shi cikin ladabi ya tambayi malaminsa ko ya san Sullam.