Amsa ga ɗan uwa mai tambayar ɗaukar hoton gari da yamma

Salam malam, na ga tambayarka cewa in ka ɗauki hoton gine-ginen cikin gari da yamma ko dai ginin ya fito baƙi ƙirin ko kuma sama ta yi fari fat. Wallahi nima na sha wannan wahalar a nan Katsina, kuma da farko kyamara na riƙa ɗora ma laifi, ashe lokaci ne ban iya ba.

Mu nan da rana ta faɗi duhu baya jira, minti ashirin zuwa ashirin da biyar ne kawai kake da su, kuma sun faɗo daidai kan magariba. To ni yadda nake yi, tun bayan la'asar nake zuwa in zaɓi wajen tsayawa, misali in Hasumiyar Gobarau zan ɗauka. Kafin faɗuwar rana da kamar rabin awa hasken yana bugun jikin ginin daga gefe, jan ƙasar nan ya fito sosai har kana ganin sawun hannun masu yaɓe, wannan kashi na farko kenan. Ana kiran sallah sai in bar ƙanena da kaya in shiga masallaci mafi kusa, ana sallamewa in fito da sauri, to a nan ne sama take yin shuɗi mai duhu, fitilun shaguna sun kama, hasken sama da na ƙasa sun zo daidai. Hoton da kake nema yana cikin minti goman nan, in ka tsaya gaisawa a ƙofar masallaci shikenan sai gobe. A lura, wajen Nuwamba rana tana faɗuwa kusan ƙarfe 6, a Yuli kuwa sai kusan 7.

Saiti ba wani abu bane mai wuya. ISO (ƙarfin kama hasken kyamara) 100 ko 200, f/8 (girman ramin da haske ke shiga), ka bar shata (ƙyauren da ke buɗewa haske ya shiga) a buɗe sakan 2 zuwa 5, amma dole ka ɗora kyamarar kan abin kafawa mai ƙafa uku ko ko da katanga ce, ka sa taima na sakan 2 don kar hannunka ya girgiza ta. Fitilun keke napep da mashina sai su zama dogayen layuka ja da fari a kan titi, a wajen Ƙofar Ƙaura na fi samun wannan saboda cunkoso. In waya ce, ka taɓa sama a sikirin ka rage hasken kaɗan, kuma ka goge gilashin da gefen riga tukunna, yawancin dishi-dishin da mutane ke kuka da shi maiƙon yatsa ne kawai.

Gobarau bata wuce mita 15 ba, amma in ka matsa gindinta ka ɗaga kyamara sama zata fito kamar zata kife baya. Ja da baya ka yi zum. Wayoyin NEPA kam sai haƙuri, ni na daina faɗa da su.

Lokacin hunturu bana wahalar da kaina, hazo yana haɗiye rana tun bata kai ƙasa ba, ga ƙura tana shiga lens, wato gilashin kyamara. Agusta da Satumba bayan an ɗauke ruwa, nan ne gajimare ke yin ja da ruwan goro.

Sai maganar hawa bene, tunda garin shimfiɗe yake dole sai daga sama zaka ga tsarinsa. Ka nemi izini don Allah. Na taɓa hawa saman wani bene a kasuwa ban gaya ma kowa ba, maigadi ya biyo ni da sanda, kuma gaskiyarsa ce don daga can ana hango tsakar gidajen mutane da iyalansu, sai da na goge hotunan a gabansa, har da wanda na fi so, sannan ya bar ni na sauko. Yanzu mai gini nake fara samu in nuna masa inda zan juya kyamara. Banki da bariki da wajen jami'an tsaro kuwa ko kallonsu kar kyamararka ta yi.

In ka gwada ka turo mana mu gani, ka faɗi ƙarfe nawa ka ɗauka.