Kuɗin adashe: ajiyar masara ko juya jari?

Tambaya: Malam, ina sayar da masara da wake da garin kwaki a ƙofar gida a Tudun Wada. Na kwashi adashe naira dubu 400. Maƙwabta sun ce in sayi buhunan masara yanzu da kaka in ajiye sai bazara. Ya kake gani?

Amsa: Hajiya, Allah ya sa wa kuɗin albarka. Ni dai ba zan ce ki zuba su duka a ajiya ba. Saye da kaka a sayar da bazara tsohuwar sana'a ce, amma kwanan nan ta karya mutane da yawa. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abinci ya yi tashin gwauron zabo, kowa ya ruga ɓoye hatsi. A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da masara, alkama, shinkafa da wake na kwana 150. Da aka shiga 2025 farashi ya sauko, masu ɗakuna cike da masara suka sayar ƙasa da yadda suka saya. Babban dillali zai iya shanye wannan, ke kuwa da jarin nan kike ɗora tukunya.

Ki dubi masu zuwa wurinki. Matar mai Keke Napep da ke zuwa bayan la'asar da robarta ta auni rabin mudu, ko yaron da aka aiko gwangwani biyu na wake da kuɗi a dunƙule a hannu. Waɗannan abin da suka samu yau shi za su ci yau, sauƙin farashin buhu ba ya isa gare su sai ta hannun irinki. Su ne kasuwarki, kada su zo su tarar kwanon awo babu kaya.

Ki nemi mata biyu ko uku ku riƙa sarowa tare daga Saminaka ko Pambeguwa, ku raba kuɗin mota. Idan ranki ya kafe kan ajiya, ki tsaya a buhu ɗaya na wake, a buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba.

Bashi kuwa ba makawa a unguwa, amma ki buɗe masa littafi, kowa da iyakarsa, sai ya biya na baya ya karɓi sabo. Sannan ki ware dubu 80 ki bar su a asusu, saboda ranar da kuɗin mota zai tashi ba sallama.