Tambaya da Amsa: Me ya haɗa jam'iyyu da intanet ɗin karkara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yawan jin ana cewa sai jam'iyyun siyasa sun haɗa kai kafin intanet ya isa ƙauyuka. Ba aikin kamfanonin sadarwa ba ne? Me ya kawo 'yan siyasa ciki?
Daga wani mai karatu

Amsa: Wa'alaikumus salam, malam. Kamfani riba yake bi. A karkara gidaje a warwatse suke, sai a ja waya kilomita da dama saboda gidaje ƙalilan, kuɗin kuwa ba ya fita. Dole gwamnati ta cike giɓin da tallafi, aikin kuma yakan wuce wa'adin gwamnati guda. A nan gizo ke saƙar.

Dubi Ostireliya. A 2009 gwamnatin jam'iyyar Labor ta ƙaddamar da shirin kai wayar faiba, wato wayar gilashi mai ɗaukar intanet da sauri, har cikin mafi yawan gidaje. Da 'yan adawa suka karɓi mulki a 2013 sai suka sauya tsarin, aka koma haɗawa da tsoffin wayoyin tagulla. A 2020 aka dawo ana sake shimfiɗa faiba a wurare da dama, wato aiki biyu. A Amurka kuwa, dokar ababen more rayuwa ta 2021 ta ware dala biliyan 65 don intanet, ta kuma wuce majalisar dattawa da ƙuri'u 69 da 30, saboda 'yan Republican 19 sun mara wa 'yan Democrat baya.

Abin da ya fi cancanta jam'iyyu su fara yarda a kai, a ganinmu, shi ne taswirar da ke nuna inda intanet ya kai da inda bai kai ba. A da a Amurka, in gida ɗaya ya samu intanet sai a lissafa duk rukunin gidajen yankin a matsayin masu shi, tallafi ya tsallake su. Sai an ƙirga gida gida, an kuma ba mazauna damar ƙalubalantar taswirar.

Sai haƙar ramukan binne waya, wadda ita ke cinye mafi yawan kuɗin shimfiɗa faiba. Ya kamata doka ta tilasta binne bututun waya duk lokacin da ake gina titi, ta kayyade kuɗin izinin haƙa da na rataya waya a turakun lantarki, ta sa wa'adin bayar da izinin. Kamfani kuma kada a biya shi gaba ɗaya tun farko. A riƙa biya kashi kashi, bayan an auna saurin intanet ɗin a gidajen da ya ce ya haɗa. A ware kuɗin gyara da na wutar sola tun cikin kasafin farko, domin hasumiyar sadarwa tana daina aiki da zarar batirinta ya mutu.