Tambaya da Amsa: Ƙalubalen karatun shekara mai rukuni-rukuni, ta ina ake kama shi?

Tambaya: Salamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki. Ni dai bara na ɗaukar wa kaina alkawari zan karanta littafi 50 kafin shekara ta ƙare, wallahi da zafina na fara amma watan Afrilu bai ƙare ba na tsaya cak a na 9, kuma da na duba duka taran labaran soyayya ne. To bana wata ƙawata ta turo min wani jeri wai ƙalubalen karatu ne mai rukuni-rukuni, kamar littafin da aka fassara, littafin da ya girme ki, littafin waƙoƙi, littafin marubucin wata ƙasa da ba ki taɓa karanta nasu ba, haka dai har guda 40. Ina so in shiga amma ina tsoron kar a maimaita ta bara. Don Allah ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun farko dai littafi 9 cikin wata huɗu ba abin raini ba ne, da kin ci gaba a haka da kin kai 27 a ƙarshen shekara, matsalar ita ce 50 ɗin da kika kafa ta sa kina ganin kamar kin gaza, shi ne gwiwa ta yi sanyi kika watsar gaba ɗaya. Wannan abu yana samun mutane da yawa tun da Goodreads, wata manhaja ta masu karatun littattafai, suka fara ƙalubalensu na shekara a 2011, inda mutum zai rubuta adadi kawai sai manhajar ta dinga nuna masa yana gaba ko an bar shi a baya da littafi kaza, kin ga duk wanda aka ce masa kullum yana baya ai dole karatun ya fara zame masa kamar bashi. Shi kuma irin wanda ƙawarki ta turo daban ne, ya yi tashe ne wajen 2015 lokacin da shafin intanet na Popsugar suka fito da nasu jerin, shafin Book Riot ma suka fito da nasu mai suna Read Harder wanda yake da rukuni 24, wato biyu kowane wata. Kuma ni a ganina wannan ya fi na adadi amfani nesa ba kusa ba, saboda ke da kanki kin faɗi abin da ya faru, tara duka soyayya, ba laifi ba ne, amma in aka bar mutum da zaɓinsa kullum hannunsa inda ya saba yake komawa, rukunan nan aikinsu kenan su ja ki zuwa wani lungu na laburare da ƙafarki ba za ta taɓa kai ki ba.

Amma 40 ya yi miki yawa, gaskiya zan faɗa miki. Bari mu yi lissafi. Wani masani a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam, Marc Brysbaert, ya tattara bincike masu yawa a 2019 ya gano cewa babban mutum in yana karanta Turanci a zuci yana cin kalma wajen 238 a minti ɗaya in littafin ilimi ne, 260 in ƙagaggen labari ne. Littafi mai kalma 80,000 kenan zai ci miki awa biyar da rabi ko kusa da haka. In kika ware minti 20 kullum, a shekara kin samu minti 7,300, wato awa 121 da ɗoriya, littafi wajen 22 kenan, shi ma in ba ki tsallake rana ko ɗaya ba, wanda ni da ke mun san akwai ranar ciwo akwai ranar baƙi akwai ranar da kawai kan mutum ba ya ɗauka. Hamsin ɗin bara kuwa sai kin ba shi minti 45 kullum ba fashi. Kuma ma wannan awon na Turawa ne masu karanta harshensu, ke ki gwada naki, ki ɗauki littafi ki duba agogo ki ga shafi 10 minti nawa ya ci miki, daga nan za ki san ƙarfinki na gaskiya.

Shawarata ki zaɓi rukuni 12 daga cikin 40 ɗin, ɗaya kowane wata, sauran lokacin da ya rage ki karanta soyayyarki hankali kwance ba wanda ya hana ki. Kuma wajen zaɓen kar ki tsinci masu sauƙi kaɗai irin su littafi mai jan bango ko wanda sunansa kalma ɗaya ce, waɗannan nishaɗi ne kawai tunda za ki iya cike su da irin abin da kika saba, ki saka biyu ko uku daga cikinsu don hutawa, sauran ki ɗauki waɗanda da kika karanta su a jerin sai da kika ɗan yamutsa fuska.

Abin da na fi so ki riƙe kuwa shi ne wannan, kar ki bar rukuni a matsayin rukuni, ki zauna yau ɗin nan ki rubuta sunan littafi na gaske a gaban kowanne, biyu ma in da hali ko da ɗaya ya ƙi samuwa. Yawancin waɗanda suke watsar da irin wannan ƙalubale ba karatun ne ya fi ƙarfinsu ba, wata zai kama a ce littafin fassara, mutum ya yi sati biyu yana tunanin wanne zai ɗauka, kafin ya ankara watan ya tafi. Na fassara misali, ki duba jerin waɗanda suka ci kyautar International Booker, tun 2016 duk shekara ake ba littafi guda da aka fassara zuwa Turanci kuma fam 50,000 ɗin kyautar raba shi ake yi daidai tsakanin marubuci da mai fassara, abin da nake matuƙar jin daɗinsa don an daɗe ana mantawa da wahalar masu fassara. Na marubucin wata ƙasa ki bi jerin kyautar Nobel ta adabi da aka fara tun 1901, akwai Naguib Mahfouz na Masar da ya ci a 1988, shi ne na farko mai rubutu da Larabci da ya samu, akwai Abdulrazak Gurnah haifaffen Zanzibar a 2021, akwai Han Kang ta Koriya ta Kudu a 2024. Na littafin da ya girme ki kuwa ba sai kin je nesa ba, gasar rubutun Hausa ta 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ganɗoki na Bello Kagara, gajeru ne kuma, kwana biyu uku kin gama, ki ajiye irinsu don watan da kika san ayyuka za su yi miki yawa. Mai kaurin ki kai shi watan da kike da sarari, kar ki fara shekara da shi.

Sannan ki ja ƙawar nan taki ku yi tare, ba wai gasa ba, ƙarshen wata ku kira juna kowa ta faɗi abin da ta karanta da abin da ya tsaya mata a rai. Littafin da kika ba wani labarinsa da bakinki ya fi zama a kai.

Tambaya: Anti barka da war haka. Ni direba ne, yini nake a hanya, littafin saurare na odiyo nake sakawa a waya. Wani abokina ya ce wannan ba karatu ba ne ba zai shiga lissafi ba. Sannan in littafi ɗaya ya dace da rukuni biyu zan iya cike duka biyun da shi?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya tsare hanya. Ka saka shi a lissafi ba tare da wani ɗar ba. A 2019 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun sa mutane sun saurari labarai sun kuma karanta su a rubuce ana ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, suka ga wuraren da suke sarrafa ma'anar kalmomi kusan iri ɗaya suke aiki ko ta kunne labarin ya shiga ko ta ido. Inda abokinka yake da ɗan gaskiya shi ne mai saurare yana tuƙi hankalinsa rabe yake, kuma dole hanya ce gaba da komai, don haka littafin da yake cike da shekaru da sunaye da alƙaluma ka bar shi sai ka sauka ka zauna, labari da tarihin rayuwar mutane su suka fi tafiya da kunne. Rukunin waƙoƙi ma ai kai ka fi kowa morewa tunda waƙa dama don kunne aka yi ta. In kana jin Turanci akwai shafin intanet na LibriVox, tun 2005 'yan sa kai suke karanta tsofaffin littattafai a can kyauta.

Batun littafi ɗaya rukuni biyu, ba wanda zai kama ka, wasu masu shirya ƙalubalen ma sun yarda da shi. Ni dai ba na so ya wuce sau ɗaya ko biyu a shekara, don in ka cike rukuni uku da littafi guda ka rage wa kanka littafi biyu da da ka haɗu da su.

Tambaya: 'Yata, ni dattijo ne shekarata 63, na yi ritaya, jikokina ne suka sa ni cikin wannan abu. Na zo rukunin kimiyya na ɗauki wani littafi mai shafi sama da 500 a kan taurari, wata biyu kenan ina shafi na 80, in na buɗe sai barci. Ban saba fara abu in bari ba. In daure ne ko in ajiye?

Amsa: Baba ranka ya daɗe, Allah ya ƙara lafiya ya raya jikokin nan da suka yi maka wannan gata. Ka ajiye shi Baba. Akwai wata ma'aikaciyar laburare a birnin Seattle na Amurka, Nancy Pearl, da ta yi suna da wata ƙa'ida mai sauƙi, ta ce mai shekara 50 ko ƙasa ya ba littafi shafi 50, in bai kama shi ba ya ajiye, wanda ya haura 50 kuma ya cire shekarunsa daga 100, abin da ya rage shi ne shafukan da zai bayar. Kai naka 37 ne, ka ga ka ba wannan littafi fiye da ninki biyu na haƙƙinsa.

Na fahimci abin da yake damunka, mutumin da ya yi shekaru yana aiki yana kai komai ƙarshe ba zai ji daɗin barin abu a tsakiya ba, kuma hali ne mai kyau. Amma alkawarin da ka ɗauka na rukunin ne, cewa za ka karanta wani abu a kan kimiyya, ba ka yi wa wannan littafi guda alkawari ba. Wata biyun nan da ya tsare ka ya hana ka rukuni biyu na gaba, kuma abin da na fi jin tsoro shi ne ya sa ka yanke cewa kimiyya ba taka ba ce alhali marubucin ne bai iya zance da mai farawa ba. Ka nemi wani a kan taurarin dai tunda su suka ja hankalinka tun farko, amma gajere, shafi 150 zuwa 200, mai hotuna, ko da wanda aka rubuta don 'yan sakandare ne, babu kunya a ciki ko kaɗan, sau da yawa su suka fi bayani a fili. In ka gama shi ka san mene ne tauraro mene ne duniyar da take zagaya shi, ka san dalilin da ya sa hasken rana yake ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso mana, sai ka koma wa babban ka gani, mai yiwuwa shafi na 80 ɗin nan ya buɗe maka. Ka sa takarda a wurin da ka tsaya. Kuma ka duba lokacin da kake karatun, in bayan cin abinci ne ko dab da kwanciya to barcin ba laifin littafin ba ne shi kaɗai, ka gwada da safe, in rubutun ƙanana ne kuma jikokin su saka maka shi a waya ko kwamfuta su ƙara girman haruffan.