Ɗana Ya Fara Koyon Ibrananci, Hankalina Ya Tashi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana digiri na biyu a kimiyyar harsuna, kwanan nan na tarar yana koyon Ibrananci. Maƙwabta sun ce 'yan sahayoniya ne suka ƙirƙiro harshen a 1948 don ɓoye sirrinsu, kuma duk wanda ya koye shi ya zama nasu. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Mene ne gaskiyar maganar? Wata uwa daga Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ɗanki karatu yake yi. Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne, Hausa ma danginsu ce ta nesa, don haka mai nazarin harsuna ba zai rasa cin karo da shi ba.

Amma wannan zance na maƙwabtanki ya ishe ni, kullum sai an turo mini irinsa ta WhatsApp. Ta yaya za a ƙirƙiro a 1948 harshen da aka rubuta Attaura da shi? Abin da ya faru shi ne, an daina magana da shi a gida da kasuwa na ƙarnoni masu yawa, ya tsaya a ibada da rubutu. Eliezer Ben-Yehuda ya sauka Birnin Ƙudus a 1881, ya dage ba za a yi wa ɗansa magana da wani harshe ba sai shi, daga baya makarantu suka ɗauka. Tun a 1922 Turawan Ingila suka sanya shi cikin harsunan hukuma a Falasɗinu tare da Larabci da Ingilishi.

Babban kuskuren masu jita-jita shi ne ɗaukar Yahudawa kamar bakinsu ɗaya, harshensu ɗaya. Su kansu sun yi rigima mai zafi a kan harshe. Theodor Herzl, uban tafiyar sahayoniya, da Jamusanci ya rubuta kiransa na kafa ƙasar Yahudawa a 1896, bai ma yarda Ibrananci zai iya zama harshen ƙasa ba. Yahudawan gabashin Turai kuwa Yidish suke yi, wani harshe mai kama da Jamusanci, mutum wajen miliyan 11 kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙungiyar ma'aikata ta Bund, wadda aka kafa a birnin Vilna na Lithuania a 1897, ta riƙe Yidish ta kuma ƙi batun ƙaura zuwa Falasɗinu. A 1913 malamai da ɗalibai suka yi yajin aiki saboda an so a riƙa ba da darussa cikin Jamusanci a makarantar fasaha ta Haifa, Ibrananci ya yi nasara. Sai kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi ya cinye miliyoyin masu Yidish. Har gobe akwai masu riƙon addini a Brooklyn ta birnin New York da unguwar Mea Shearim ta Ƙudus da ke magana da Yidish, wasunsu ba su ma amince da ƙasar Isra'ila ba.

Akwai kuma Yahudawan Bagadaza da Yaman da Maroko, waɗanda Larabci ne harshen gidansu, suna rubuta shi da baƙaƙen Ibrananci kamar yadda muke rubuta Hausa da ajami. Musa bin Maimun, shahararren malamin Yahudawa, haka ya rubuta yawancin littattafansa. Da suka koma Isra'ila bayan 1948, 'ya'yansu da yawa sun taso suna jin kunyar Larabcin iyayensu.

Siyasa tana ciki, ba na musu. A Yulin 2018 majalisar Isra'ila ta yi dokar da ta ce Ibrananci ne harshen ƙasa, ta sauke Larabci zuwa matsayi na musamman, alhali kusan kashi 20 cikin 100 na 'yan ƙasar Larabawa ne. Larabawan nan suna jin Ibrananci, da shi lauyoyinsu ke kare haƙƙin mutanensu a kotu, fursunonin Falasɗinawa da dama a kurkuku suka koye shi. Su ma sun zama 'yan sahayoniya ke nan?

Maƙwabtanki su ji tsoron Allah, jifan yaro da irin wannan zargi na iya jawo masa fitina. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Zaidu bin Sabit ya koyi rubutun Yahudawa, ya koya cikin kusan rabin wata, ya riƙa karanta masa wasiƙunsu. Ki zaunar da ɗanki, Hajiya, ya nuna miki littattafan da yake karantawa da malamin da ke duba aikinsa.