Amsar tambayarka kan yadda za a gane aikinka ko baka sa suna ba

Ɗana, na ga saƙonka tun daren jiya, na bari ne sai na zauna a natse. Kace kana ganin yara a Instagram kowa dizain ɗinsa iri ɗaya, baƙi da ruwan gwal da rubutu mai lanƙwasa, kuma su ke kwashe kastomomi, shine kake tambaya ka bi sahunsu ne ko ka nemi naka salon, kuma wai ta yaya mutum ke kaiwa inda za a ga aiki a ce wannan hannun wane ne.

Toh abinda yasa suke kama da juna ba ɓoyayye bane. Canva, manhajar dizain da suke aiki da ita, tun 2013 aka buɗe ta a Ostireliya, tamfilet ɗin, wato shiryayyen dizain, da kake buɗewa a Kano shi wani ke buɗewa a Legas da Jakarta, suna da kwanan wata kawai ake canjawa. Ni ma in mai shago yazo a gaggauce yana son fulaya kafin azahar ina ɗauka in gyara masa, amma wannan neman na cefane ne, ba a nan ake samun hannu ba. Mu da muka fara da manhajar zane ta CorelDRAW farin shafi ake miƙo maka, dole kai zaka yanke inda komai zai zauna.

Shi yayin intanet da kake gani akwai abinda yara basa lura da shi. Ka ɗauki wanda ake kira vaporwave da ya tashi wajen farkon shekarun 2010, ruwan hoda da shunayya, kan gunkin Girka, tagogin tsohuwar Windows 95, rubutun Japan a gefe. Waɗanda suka fara shi da waɗannan kwamfutocin da tallace-tallacen suka girma, kewar yarintarsu ce suka zuba a hoto shi yasa ya kama zuciyar 'yan uwansu. Kai in ka kwafo shi kala kawai ka ɗauko, kewar tana can wajen masu ita. Don haka tambayar da nake so ka yiwa kanka itace kai me idonka ya sha tun kana yaro?

Kuma dan Allah kar kace min dagin Arewa zaka manna a kusurwa shikenan ka yi na gida, kowa ya manna shi har ya gaji. Fita zaka yi da wayarka. Je Ƙofar Mata ka tsaya bakin rijiyoyin rini ka ga shuɗin baba kala nawa ne, daga wanda aka tsoma sau ɗaya zuwa wanda ya kusa komawa baƙi yana sheƙi bayan bugu. Shiga Gidan Makama ka kalli bango, in ka samu hali ka je cikin birnin Zariya ka ga yadda magina ke zagaye ƙofa da zane su bar sauran bangon ya huta. Ka samu babbar riga mai aska takwas ka shimfiɗa ta ka kalla da kyau, aikin ya fi nauyi gefe guda ta wajen aljihu amma duk da haka rigar bata karkace a ido ba, wallahi wannan darasin jera abu a shafi ne da ya fi bidiyo goma na YouTube. Ga allon zayyana na sauka, ja da rawaya da kore cikin layin baƙin tawada, ga zanen bayan manyan motoci. Ka ɗau hotuna, ka tsamo kala uku ko huɗu daga ciki, ka rubuta lambobin da manhaja ke ba kowace kala ka ajiye, ka riƙe su wata shida kana aiki da su ko kastoma bai lura ba. Maimaitawar ce ke sa ido ya fara gane ka.

Sai maganar da tafi damuna, rubutu. Sau nawa ka ga kyallen sanarwa a wajen taro an rubuta barka da zuwa manyan baki, alhali baƙi ake nufi? Yawancin fon, wato salon haruffa, masu kyan gani basu da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, in ka buga su ko dai akwati ya fito ko manhajar ta aro harafin daga wani fon ya tsaya a tsakiyar kalma kamar bare, shine yara ke cire ƙugiyar su huta. Kai kar ka cire. Kafin ka zaɓi kowane fon buga haruffan nan huɗu, manya da ƙanana, in babu ka wuce shi komai kyansa. Noto na Google na da su, Andika da Charis na ƙungiyar harsuna ta SIL ma haka, kuma SIL ɗin suna da wani fon na ajami mai suna Alkalami da aka yi shi bisa rubutun Kano, irin mai kaurin nan da muka sani a allo. Ka gwada kanun katin walima da shi ka ga fuskar dattijo in ya karɓa.

Hoton AI kuma ban hana ka ba, amma ka ce masa ya zana Bahaushe sau da yawa rawanin Larabawa ko na Indiya zai naɗa masa, hular ma ba tamu ba, sai ka duba da idon ɗan gida kafin ka saki da sunanka.

Abu na ƙarshe, shuɗin da ke haske a waya RGB ne, tsarin kalar haske, injin bugu da CMYK yake aiki, tsarin kalar tawada, in baka juya ba tun farko ba zaka ga yadda zai dushe a takarda ba, kuma in zaka turo min ta WhatsApp turo a dokumen don kar ya matse hoton. Ranar Asabar ka zo min da katin suna guda ɗaya, kala uku daga hotunan da ka ɗauka da kanka, ba tamfilet, mu buga shi a takarda mu gani tare.